Manhajar da Narelle Ta Kasa Zaɓa

Narelle Maddock ba ta tsoron maciji. Na taɓa ganin ta ɗaga wani ƙato da shebur daga ƙarƙashin tankin ruwa tana ci gaba da ba ni labarin tsadar ciyawa, ko numfashinta bai canja ba. Ba ta tsoron bijimi, ba ta tsoron fari, ba ta kuma tsoron mijinta Warwick, wanda dama ba abin tsoro ba ne, mutum ne da kalma goma ke isar sa yini guda. Takarda take tsoro. Ni ce mai kawo mata takarda, don haka na fi kowa sani.

Sunana Glenys. Shekara ashirin da uku ke nan ina jan motar wasiƙu daga Winton zuwa gandayen shanun yamma, Talata da Juma'a. Gandun su Maddock ne na bakwai a hanyata, kilomita ɗari da casa'in daga gari. Tsohon firiji ne akwatin wasiƙarsu a bakin hanya, amma ni ba na tsayawa a nan sai in ina sauri. Nakan shiga har gida in sha shayi da burodin da ta gasa, in kuma ji abin da bai shafe ni ba, don wannan ma rabin aikin ne.

A wajenmu yaro yana karatu a gida har ya kai shekara sha biyu. Malamai na gari, shi yana gaban kwamfuta, uwa tana gefe tana tsare shi kada ya sulale wajen dawakai. Yana cika sha biyu sai a ɗinke masa suna a jikin kaya a kai shi makarantar kwana can bakin teku. Haka aka yi wa Warwick, haka na yi wa nawa biyu ina kuka ina ɗinki, haka kuma aka yi wa Narelle. Sai dai ita tun tana ƙarama haruffa ba sa zama mata wuri ɗaya. A makarantar nan kullum safiya sai a tsayar da ita ta yi karatu a gaban aji, tana in-ina, 'yan mata na kwaikwayonta a ɗakin kwana. Tana da shekara sha huɗu, wata rana bayan karin kumallo ta fita ta ƙofar baya ta bi layin dogo ta nufi yamma. Kwana biyu tana tafiya kafin masu gyaran layi su tsince ta, leɓɓanta sun tsage, ba ta iya faɗin sunanta. Ba ta sake komawa aji ba. Waɗanda suka san wannan labari ba mu fi mu huɗu ba, kuma 'yarta Bridie ba ta ciki.

To da Bridie ta cika sha biyu, Narelle ta ce ba inda za ta. Warwick ya ce kowa yana tafiya. Ta ce ita ba kowa ta haifa ba. Aka yi wata guda ba a jituwa a gidan, daga ƙarshe ya ce ya ba ta shekara uku. Ta yi rajista da hukuma ta zama ita ce malamar. Lissafi ba ya ba ta wuya, Narelle za ta kalli garke daga kan babur ta gaya maka yawansu da nauyinsu kafin ka gama buɗe baki. Kimiyya kuma uban ya ɗauka, tsakanin injin ban ruwa da haihuwar shanu. Darasin Turanci ne ƙashin wuya. Sai ta samo irin littattafan nan na cike gurbi, masu amsa a baya, ta riƙa gwada amsar Bridie da ta bayan littafi tana sa maki. Matsalar ita ce yarinyar ba ta tsaya a gurbi ba. Duk akwatin littafi da na kawo daga laburaren gari sai ta cinye shi kafin in dawo, sannan ta cika shafuka da nata rubutun ta miƙa wa uwar. Narelle takan riƙe takardar na ɗan lokaci, ta juya shafi, ta rubuta "Madalla" a ƙasa. Shekara uku tana rubuta madalla a kan abin da ba ta san ko mai kyau ne ko shirme ba.

Shekara ukun ta cika a bara. Makarantar kwana ta rubuto cewa za ta riƙe wa Bridie gurbi zuwa ƙarshen Nuwamba, ba ƙari. Warwick ya ce, “Nuna min manhajar Turanci da za ta kai ta inda take so, ta zauna. In babu, ta tafi.” Ya sa hularsa ya fita, ya gama maganar ranar.

A Oktoba na fara jigilar akwatuna. Uku suka iso, kowanne kamar an cika shi da duwatsu, ni da ciwon bayana. Na same ta a ɗakin karatu ta baje su a ƙasa, fanka na juya zafi, ita tana durƙushe a tsakiya ta yi tsuru-tsuru.

“Ke kuwa kanti za ki buɗe?” na ce.

“Zauna, Glenys, ki daina surutu ki duba min.”

Na farko daga Amurka ya zo, komai a tsare, har abin da uwa za ta faɗa an rubuta mata, amsoshi kuma suna baya. Wannan ta fi so, amma Bridie ta buɗe shi ta karanta shafi biyu ta ce, “Mama, wannan ai na yi irinsa ina sha ɗaya.” Na biyu littattafan labari ne goma sha huɗu, manya, da ɗan ƙaramin jagora da ke cewa uwa ta karanta kowanne ita ma, su zauna su tattauna, su yi gardama. Bridie ta riga ta kwashe uku ta gudu da su. Narelle ta ɗaga ɗaya ta auna shi a hannu.

“Shafi ɗari huɗu. Ni shafi guda sai in sha shayi biyu kafin in kai ƙarshensa.”

“Na ukun fa?”

“Wata malama ce a Brisbane, ta intanet. Ita za ta riƙa duba rubutun.” Ta ture akwatin gefe. “Za ta gani, Glenys.”

“Ta ga me?”

“In na lalata ta. In duk shekarun nan yarinyar tana baya a karatu ban sani ba. Rana ɗaya za ta ɗauka ta gane, ta rubuta wa Warwick, ko ta rubuta wa hukuma.”

Na ce mata yarinyar da ke cinye laburare ba ta baya. Ta ce saniya ma tana cin ciyawa yini guda ta ƙi ƙiba in akwai tsutsa a ciki.

Mako biyu tana juya akwatunan nan. Ta rame, ta daina gasa burodi, abin da ya fi damuna ke nan. Ta kira wata uwa a Boulia, waccan ta ce na Amurka, ta kira wata a Julia Creek, ta ce kul, kada ta kuskura. Duk Talata da Juma'a in na shigo sai ta fara kallon hannuna, ko akwai wasiƙa daga makarantar.

Ranar wata Juma'a ta tare ni a bakin firiji, ba ta bari na ƙarasa gida ba. Ambulan ne a hannunta, irin wanda ake aika samfurin ruwa ko jinin shanu wajen gwaji.

“Malama Kontos tana nan da rai?”

“Tana nan, bakin ma yana nan.”

Malama Kontos ta koyar da Turanci shekara talatin kafin ta yi ritaya ta dawo gidan iyayenta a bayan tsohon kantin shayinsu. Ita ce macen da ta taɓa mayar min da katin gaisuwa da gyara a jiki.

Narelle ta ce akwai aiki a cikin ɗaya daga akwatunan, wai a rubuta labarin ranar da mutum ya fi jin tsoro. Ta sa Bridie ta yi. Ba ta sa suna ba, lambar kunnen saniya ta rubuta a sama, hamsin da biyu, yadda ake yi wa samfur don mai gwaji kada ya ji nauyin kowa. Na taɓa ambulan ɗin na ji takarda biyu.

“Ɗayar fa?”

Ta kalli hanya. “Ɗari uku da sha takwas. Nawa ne.”

“Narelle, kina hauka?”

“In maruƙa suka ƙi girma, su kaɗai ake ɗibar jininsu? Ai har uwar ake gwadawa. Ina so in san ko zan iya na biyun nan, mai gardama. Kwana huɗu na yi ina rubuta shi.” Ta riƙe min hannu, tafinta sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. “Ki ce yara biyu ne. Kada ki faɗi na wane gida. Ki ce ta faɗi wace manhaja ta dace da kowanne, kada ta ɓoye komai.”

Na kai. Tsakani da Allah ban leƙa ba, ko da yake ambulan ɗin bai manne sosai ba kuma hanyar doguwa ce.

Ranar Litinin da rana Malama Kontos ta aiko a kira ni. Na same ta a baranda da tabarau a kan hanci, ta miƙo min amsa da rubutun biyu a rufe, na jefa a jaka. Sannan ta ce in zauna, da irin muryar da ke sa babba ya tuna laifin da ya yi yana ɗan shekara tara.

“Ban yi barci ba saboda yarinyar nan mai lamba ɗari uku da sha takwas,” ta ce. “Rabin shafi ta rubuta. Ta gudu daga makaranta, ta bi layin dogo, ta sha ruwan kwata. Wa ke kula da ita? Ko ki gaya min gidan, ko in kira hukuma yau ɗin nan su nemo shi. Gandu nawa ne a hanyarki, sha ɗaya? Ba za su sha wuya ba.”

Na hango motar hukuma a ƙofar su Narelle, na hango Warwick tsaye da hula a hannu. Na yi alkawari, amma alkawarin nan zai jawo abin da ake gudu.

“Malama, yarinyar shekararta arba'in da shida. Uwar ɗayar ce.”

Ta cire tabarau.

“Ba ni wasiƙar in sake rubutawa.”

“A'a.”

“Glenys, na rubuta abubuwa a ciki.”

“Abin da ya shiga jakar nan ya zama na mai shi. Shekara ashirin da uku ban taɓa mayar wa kowa ba, ba zan fara da ke ba. Gaskiya ta nema, ai kin iya ta.”

Haushi ne ya sa na faɗi haka, na ga ta ji kunya na ji daɗi. Washegari a hanya na yi da-na-sani tun daga gandu na farko. Ambulan ɗin yana kan kujerar gefe, ina satar kallonsa. A mashigin rafin da ya bushe na tsayar da mota, na riƙe shi a hannu, na ce iska ma tana ɗauke takarda, wa zai sani. Na kai minti goma a nan ina zufa, sannan na tayar da mota.

Tana jira a bakin firiji, ta bar babur a kunne. Ta farke ambulan, ta duba, ta miƙo min.

“Rubutun nata a harɗe yake. Karanta min.”

Na fara da na Bridie. Malamar ta ce mai lamba hamsin da biyu ta wuce duk manhajar da ake sayarwa a akwati. Ta ce a shekara talatin ba ta ga irin wannan hannu fiye da sau uku ba. Ta ce duk wanda ya rene ta ya yi daidai da ya bar ta ta karanta abin da take so, amma yanzu ta kai inda take bukatar malamai da za su ce mata ba ta yi daidai ba, da sa'o'i da za su yi gardama da ita, da laburaren da ba a akwati yake zuwa ba. Layin ƙarshe ya ce, in ana son yarinyar nan, a sake ta.

Narelle ta jingina da firijin. “Ba ta baya ke nan.”

“Ba ta baya. Kin ji abin da ta ce a kanki? Kin yi daidai.”

“A sake ta,” ta maimaita. Yabon ko shiga kunnenta bai yi ba. Wata guda tana tsoron a ce yarinyar ta lalace a ƙwace ta, ga shi an ce ta fi kowa, kuma amsar ɗaya ce. “Ɗayar fa?”

Na fara karantawa ina tsallake, ina sassautawa. Ta ce, “Glenys, idonki yana tafiya layi uku, bakinki yana faɗin ɗaya. Karanta abin da ke ciki.” Na karanta. Cewa mai wannan rubutu tana matakin 'yar shekara goma. Cewa ba za ta iya manhajar littattafai ba, ko kusa. Cewa manya sun ci amanarta, kuma labarin ya fi duk wanda ta karanta a bana tayar mata da hankali.

Ta karɓi takardun ta ninke. “Ki ce bai zo ba.”

“Wa zai tambaya?”

“Warwick ya san na aika wani abu. Kwana tara ya rage Nuwamba ta ƙare. In gurbin ya wuce, ya wuce. Zan ɗauki na Amurka, in ce shi malamar ta zaɓa.”

Na so in zage ta, na kuma so in rungume ta. Ban yi ko ɗaya ba, na ce na ji. Da na haɗu da Warwick a ƙofar shinge ta biyu yana gyaran waya, ya ɗaga kai ya ce, “Akwai?” Na ce babu. Na yi wa mutumin ƙarya a idonsa, kuma har na koma gari bakina ɗaci yake.

Ranar Juma'a na so in ajiye wasiƙu a firiji in wuce, sai na ga ta liƙa takarda a ƙofarsa, da manyan haruffanta masu karkata, cewa in shigo. Na same su su uku a kicin da hantsi, ba shayi a tebur. Akwatuna ukun an ɗaure su da igiyar ciyawa an jera a bakin ƙofa. Fuskar Narelle kamar wadda ta yi jinyar mako guda.

“Zauna ki zama shaida,” ta ce. “Warwick, ya zo tun Talata. Ni na sa ta yi maka ƙarya.”

Ya kalle ni, na kalli tukunyar shayi. Ta tura wa Bridie takardun duka, amsoshi biyu da rubutu biyu. Yarinyar ta karanta nata, kunnuwanta suka yi ja, ta ciji leɓe don kada murna ta fito a gaban uwarta. A nan na gane ta daɗe tana son tafiya, tana ɓoyewa. Narelle ma ta gani.

Sai Bridie ta ɗauki ɗayan, rabin shafin nan da aka goge aka sake gogewa har takardar ta kusa hujewa. Narelle da hannun hagu ta rubuta shi don kada a gane, don haka yarinyar ba ta gane ba. Ta karanta sau biyu, ta karanta amsar malamar.

“Anti Glenys, wannan 'yar wace ce? A hanyarki take? Kwana biyu a layin dogo, ba wanda ya neme ta? Mama, a ba ta na Amurkan nan mana, ni zan riƙa taimaka mata ta waya.”

Fanka tana ta juyi.

“Ni ce,” Narelle ta ce.

Bridie ta kalli takardar, ta kalli uwarta, ta sake kallon takardar. Na ga tana haɗa shekara uku na madalla a kanta, ɗaya bayan ɗaya. Warwick ya tashi ya je bakin taga ya ba mu baya.

“To ba zan je ba,” Bridie ta ce. “Can ne suka yi miki haka. Ba zan bar ki ba.”

“Za ki je.”

“Mama.”

“Tsorona ne, ba naki ba. Na riƙe ki da shi shekara uku, ya isa.” Ta jawo fom ɗin makarantar daga ƙarƙashin kwanon sukari, duk ya yi laushi don yawan ninkewa da buɗewa. “Zo ki cike, ni zan ɓata shi. Ki nuna min inda zan sa hannu.”

Bridie ta cike tana share hanci da bayan hannu. Da ta gama ta sa yatsa a kan layin. Narelle ta riƙe biron da hannun nan da ke ɗaga maciji da shebur. Ta ce, ba ta kalli kowa ba, “In suka tsayar da ke a gaban aji suka yi dariya, ki kira ni. Kada ki fita da ƙafa. Ki kira, zan zo.” Sannan ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi.

Ni na lashe ambulan ɗin, don ita bakinta ya bushe. Warwick ya ɗora akwatunan a mota. Ta raka ni har ƙofar mota, ta riƙe murfin ta ƙi saki.

“Glenys, in tayarki ta fashe a hanya, ba laifin kowa ba ne, ko?”

“Ina da safaya biyu,” na ce.

Ta saki murfin. Na isa gari saura kwata a rufe gidan waya, na buga hatimi da hannuna na jefa shi a buhun Brisbane.